Shin Paparoma sarki ne ko malamin addini?

Tambaya: Malam, ranar da aka zaɓi sabon Paparoma na ji ana cewa shi shugaban ƙasa ne, yana da jakadu da dogarai da tuta. Ni kuma a sanina babban limamin Katolika ne. Yaya aka yi limami ya mallaki ƙasa? Kuma da gaske ne a da suna yaƙi kamar sarakuna?

Amsa: Ɗan'uwa, duka biyun da ka ji gaskiya ne. Paparoma bishop ne na birnin Roma kuma shugaban Katolika na duniya, waɗanda yawansu ya kai wajen biliyan 1.4. Sannan shi ne mai mulkin Vatikan, ƙasar da faɗinta kadada 44 ne kacal. Na taɓa tsayawa a bakin filin Majami'ar Bitrus, inda aka shimfiɗa wani siririn layin farin dutse a ƙasa. Ƙafarka ɗaya tana Italiya, ɗaya tana Vatikan, ba shinge, ba mai tambayarka fasfo. Masu yawon buɗe ido suna ta tsallake shi ba su ma lura ba. Wannan ɗan fili shi ne abin da ya rage daga ƙasar da ta taɓa ratsa tsakiyar Italiya daga teku zuwa teku, mai mutum sama da miliyan 3. Abin da na fahimta bayan shekarun da na yi ina koyar da wannan tarihi shi ne, mallakar ƙasa ta fara ne bisa larura, daga baya ta zama babbar masifar wannan kujera, kuma rasa ƙasar ya ƙara wa maganar Paparoma nauyi fiye da yadda riƙe ta ya taɓa yi.

A shekaru ɗari uku na farko ba maganar mulki ko kaɗan. Katolika sun yi imani cewa Bitrus, almajirin Yesu, shi ne na farko a jerin, kuma an kashe shi a Roma zamanin sarki Nero, aka binne shi a tudun Vatikan. Waɗanda suka biyo bayansa shugabannin wata 'yar jama'a ce da hukuma ke farauta lokaci zuwa lokaci. An tura wasu aikin haƙar ma'adinai, an sare kan wasu. Sauyi ya zo a 313, lokacin da sarki Constantine ya halatta addinin Kirista, ya kuma ba bishop na Roma gidan Lateran. Sai dai a 330 shi Constantine ya mai da hedikwatar daular zuwa gabas, birnin da muke kira Santambul a yau. Roma ta zama gidan da mai gida ya ƙaura ya bari. Sannu a hankali duk abin da ya tashi, kan bishop yake faɗawa.

Ka dubi 452. Attila, sarkin Hun, ya shigo arewacin Italiya yana ƙone birane. Cikin tawagar da aka tura ta tare shi kusa da Mantua akwai Paparoma Leo na Ɗaya, kuma Attila ya juya. Masana sun nuna cewa yunwa da annoba sun riga sun addabi rundunarsa, amma abin da mutanen Roma suka riƙe shi ne, da ta yi zafi limaminsu ne ya fita. A 476 aka tsige sarkin Rumawa na ƙarshe a yammaci. Shekara 18 bayan haka Gelasius na Ɗaya, wanda asalinsa ɗan Arewacin Afirka ne, ya rubuta wa sarkin gabas Anastasius cewa iko biyu ke tafiyar da duniya, na limamai da na sarakuna, kuma na limamai ya fi nauyi domin su za a tambaya a kan sarakunan kansu ranar hisabi. Wannan magana Turai ta yi shekara dubu tana ja-in-ja a kanta.

Wanda na fi girmamawa a wannan zamani shi ne Gregory na Ɗaya, daga 590 zuwa 604. Ɗan gidan masu hali ne, ya taɓa riƙe shugabancin birnin Roma, sai ya ajiye, ya mai da gidan ubansa gidan masu zuhudu. Aka zaɓe shi bayan kogin Tiber ya yi ambaliya, annoba ta biyo baya ta kashe Paparoman da ya gada. Wasiƙunsa sama da 800 suna nan, kuma in ka karanta su za ka ga mutum yana lissafin alkamar da za a kawo daga gonakin coci na tsibirin Sisili, yana gargaɗin wakilansa kada su ƙara girman mudu in suna karɓar hatsi daga manoma, yana biyan sojoji, yana fansar waɗanda aka kama bayi, yana sulhu da ƙabilar Lombard da suka kewaye birnin. Ba wanda ya naɗa shi sarki. Aikin sarki ne ya faɗo a kansa don babu mai yi. Shi kuwa laƙabin da ya zaɓa wa kansa shi ne bawan bayin Allah, kuma har yau Paparoma na sa hannu da shi.

Ƙasa ta zahiri ta zo a 756. Lombard sun sake matsa wa Roma, sarkin gabas ba shi da sojan da zai aiko, sai Stephen na Biyu ya ƙetare duwatsun Alps da kansa ya je wurin Pepin, sarkin Frank. Ciniki ne a fili: Pepin ya ƙwace sarauta daga wani gida yana neman wanda zai halatta masa, Paparoma yana neman takobi. Paparoma ya shafe Pepin da mai a 754, shi kuma Pepin ya ci Lombard da yaƙi, ya sa aka tattaro makullan biranen da ya ƙwato aka ajiye a kan kabarin Bitrus. Wajen wannan lokaci ne wata takarda ta ɓullo mai cewa wai tun Constantine ya bar wa Paparoma mulkin yammaci duka. Ta jabu ce. An yi ƙarni da yawa ana kafa hujja da ita, sai a 1440 Lorenzo Valla ya tona asirinta ta hanyar nuna cewa Latinancin da ke cikinta ba na zamanin Constantine ba ne. A ranar Kirsimeti ta 800 kuma Leo na Uku ya ɗora wa Charlemagne, ɗan Pepin, kambin sarkin sarakuna.

Daga nan matsalar ta soma. Kujerar da ke da gonaki da haraji da birane, dole manyan gidaje su yi kwaɗayinta. Gidajen Roma suka mai da ita abin wawaso. A 897 Stephen na Shida ya sa aka tono gawar Formosus, wanda ya yi watanni a kabari, aka sa mata kayan Paparoma, aka zaunar da ita a kujera aka yi mata shari'a. Aka same ta da laifi, aka yanke yatsu uku da yake sa albarka da su, aka jefa ta a kogin Tiber. Shekarar ba ta ƙare ba aka shaƙe shi Stephen ɗin a kurkuku. A 955 yaro ɗan kimanin shekara 18 ya hau kujerar da sunan John na Sha Biyu, don kawai ubansa ne ya riƙe birnin kafin ya mutu. A 1045 Benedict na Tara ya sauka bayan an ba shi kuɗi. Ba maƙiyan coci ne suka ƙirƙiri waɗannan ba, marubutan Katolika da kansu sun rubuta su, suna kuma jin kunyarsu.

Gyaran ya fito daga cikin gida, daga masu zuhudu da suka gaji. A 1059 aka yi dokar cewa kadinal-kadinal, wato manyan limaman da ke kusa da shi, su ne kaɗai za su zaɓi Paparoma, kusan kamar yadda muke da masu zaɓen sarki, da bambancin cewa nan ba gidan sarauta, kuma ba gwamnan da zai amince. Kulle su a ɗaki lokacin zaɓe kuwa ya samo asali ne daga garin Viterbo, inda suka yi kusan shekara uku, daga 1268 zuwa 1271, sun kasa daidaitawa. Mutanen gari suka kulle su, suka rage musu abinci, suka yaye rufin ginin. Wanda aka zaɓa, Gregory na Goma, ya mai da kullewar doka a 1274.

To amma masu gyaran ba su tsaya a tsarkake gida ba, sun nemi su hau kan sarakuna. Gregory na Bakwai ya ce sarki ba shi da ikon naɗa bishop. Henry na Huɗu na Jamus ya ƙi, domin bishop a lokacin hakimi ne mai ƙasa da mayaƙa. Gregory ya kore shi daga coci, ya kuma sauke wa talakawansa wajibcin yi masa biyayya. Da Henry ya ga hakimansa na shirin juya masa baya, sai ya ƙetare duwatsu cikin hunturu, a Janairun 1077, ya tsaya kwana uku a ƙofar ganuwar Canossa cikin ƙanƙara, sanye da tufafin tuba, har aka buɗe masa. Mutane da yawa nan suke tsayar da labarin. Ci gabansa shi ne, Henry ya dawo da runduna ya ci Roma a 1084, ya naɗa nasa Paparoman, Gregory kuma ya mutu yana gudun hijira a Salerno a 1085. Wani abin da ba a cika faɗa ba game da wannan mutum mai zafi: a 1076 ya rubuta wa Annasir, sarkin Musulmi na Bijaya a Aljeriya ta yau, yana gode masa kan sakin fursunoni Kiristoci, yana cewa su biyun Allah ɗaya suke bauta wa ko da hanyar ta bambanta.

Shekara 19 kacal bayan wannan wasiƙa, a 1095, Urban na Biyu ya tsaya a Clermont ta Faransa ya yi kiran yaƙin da Larabawa suka kira na 'yan Salibiyya. A 1099 aka ci Ƙudus, aka yi wa Musulmi da Yahudawan birnin kisan gilla. Ba zan yi wa wannan kwaskwarima ba. Ga ganina shi ne wuri mafi muni da haɗa limanci da takobi ya kai kujerar, kuma su kansu Kiristocin gabas ba su tsira ba, don a 1204 mayaƙan suka wawashe Santambul. Wannan ya faru a zamanin Innocent na Uku, wanda ya yi tir da abin, kuma wanda a hannunsa ikon Paparoma ya kai ƙololuwa. Da ya saɓa da sarki John na Ingila, ya rufe majami'un ƙasar tun daga 1208, ba ƙararrawa, ba binne mamaci a maƙabartar coci, har John ya miƙa wuya a 1213 ya amince Ingila na ƙarƙashin Paparoma tana biyan kuɗi duk shekara.

Ƙarni ɗaya bai cika ba abin ya juye. Boniface na Takwas ya shelanta a 1302 cewa kowane ɗan Adam dole ya kasance ƙarƙashin Paparoma in yana son tsira. Amsar sarkin Faransa Philip ita ce tura mutane su kama shi a garinsu Anagni a 1303. Bayan wata guda Boniface ya mutu. Daga 1309 zuwa 1377 Paparoma bakwai a jere, duka Faransawa, suka zauna a Avignon, cikin Faransa ta yau. Da aka koma Roma sai aka rabu gida biyu, daga 1409 ma gida uku, kowa na cewa shi ne na gaskiya yana tsine wa sauran, sai a 1417 taron Constance ya kawo ƙarshen rikicin.

Tambayarka ta yaƙi, amsarta tana nan. Waɗanda suka zo bayan wannan rikici sun ƙudurta cewa ba za su sake zama a tafin hannun wani sarki ba, don haka suka zama sarakunan Italiya sosai da sosai. Alexander na Shida, na gidan Borgia, yana da 'ya'ya da ya amsa nasa ne a fili, kuma ya yi amfani da dukiyar coci don ɗansa Cesare ya kafa ƙasa. Julius na Biyu ya jagoranci runduna da kansa. A Janairun 1511, yana da shekara 67, ya kwana a sansani gaban ganuwar Mirandola cikin ƙanƙara yana tsawata wa kwamandoji, da garin ya faɗi kuma ya hau tsani ya shiga ta inda igwa ta fasa. Shi ne ya ɗauko dogarai 'yan Suwizalan a 1506, waɗanda ka gani da riga mai ratsin shuɗi da ja da rawaya. A shekarar ya aza harsashin sabuwar Majami'ar Bitrus. Ginin ya ci kuɗi ba na wasa ba, aka shiga tara su ta hanyar takardun sassauta horon zunubi, abin da ya fusata wani malami Bajamushe, Martin Luther, a 1517. Rabuwar Katolika da Furotesta ta faro daga nan. A 1527 kuma sojojin sarki Charles na Biyar, shi kansa Katolika, waɗanda ba a biya su albashi ba, suka afka wa Roma. Dogarai 147 suka mutu a ranar 6 ga Mayu suna tare hanya, sauran suka gudu da Clement na Bakwai ta wata doguwar hanya da ke bisa katanga zuwa ganuwar Sant'Angelo. Hanyar tana nan, ana ganinta daga titi.

Mu 'yan Afirka akwai takardar da ya kamata mu sani. A 1452 Nicholas na Biyar ya ba sarkin Fotugal izinin yaƙar waɗanda ba Kiristoci ba da mai da su bayi, a daidai lokacin da jiragen Fotugal ke gangarowa gaɓar yammacin Afirka. Sai a 1839 Gregory na Sha Shida ya fito ƙarara ya la'anci cinikin bayin Afirka. Tsakanin biyun shekara 387 ne. Wani abu kuma da ya shafe mu kullum: kalandar miladiyya da ke rataye a ofisoshinmu gyaran Gregory na Sha Uku ce, wanda a 1582 ya sa aka kwana ranar 4 ga Oktoba aka tashi ranar 15.

Ƙarshen mulkin ƙasar ya zo da jan ƙafa. Faransawa sun kama Pius na Shida, ya mutu a hannunsu a 1799. Napoleon ya tsare Pius na Bakwai daga 1809 zuwa 1814. Sai Pius na Tara, wanda ya yi shekara 31 da watanni, daga 1846 zuwa 1878. Ya fara a matsayin mai sassauci, Italiyawa masu neman haɗa kan ƙasarsu suna yi masa kirari. A 1848 aka daɓa wa firaministansa wuƙa, shi kuma ya sulale daga Roma cikin kayan ƙaramin limami. Da ya dawo ya zama wani mutum dabam, sojojin Faransa ne ke gadin kujerarsa. A mulkinsa ne, a 1858, 'yan sandansa suka ɗauke wani yaro Bayahude ɗan shekara shida daga hannun iyayensa a Bologna, bisa cewa wata 'yar aiki ta yi masa baftisma a ɓoye, kuma Paparoma ya ƙi mayar da shi duk da roƙon duniya. Wannan lamari ya zubar da mutuncin gwamnatinsa a Turai ƙwarai. A 1860 mafi yawan ƙasar ta tafi. A 1870 Faransa ta janye sojojinta don yaƙi da Jamusawa, ranar 20 ga Satumba igwar Italiya ta fasa ganuwar Roma kusa da ƙofar Pia, bayan 'yan sa'o'i aka ɗaga farar tuta. Mulkin shekara 1,114 ya ƙare kafin azahar.

Pius ya ƙi karɓar kuɗin da Italiya ta yanka masa, ya ce shi fursuna ne a Vatikan. Magajinsa Leo na Sha Uku ya yi shekara 25 bai taka titin Roma ba. Su a ganinsu musiba ce. To amma ka dubi abin da ya biyo baya. Wata biyu kafin faɗuwar Roma, babban taron bishop-bishop ya zartar cewa Paparoma ba ya kuskure in ya yanke hukunci na ƙarshe kan aƙida ko ɗabi'a a matsayinsa na shugaban coci duka. Ba duk maganarsa ake nufi ba, kuma tun daga lokacin sau ɗaya aka yi amfani da wannan iko a fili, a 1950. Mutumin da ba shi da ƙasar da za a ƙwace masa, sarakuna ba su da abin yi masa barazana da shi. A 1891 Leo ya fitar da wasiƙa kan haƙƙin ma'aikata, albashin da zai riƙe iyali da 'yancin kafa ƙungiya, aka karanta ta a duniya. A zaɓen 1903 sarkin Ostiriya ya aiko cewa bai yarda da Kadinal Rampolla ba, wanda aka zaɓa kuma, Pius na Goma, ya haramta irin wannan katsalandan har abada. Naɗin bishop-bishop da Gregory na Bakwai ya mutu yana faɗa a kai, yau kusan ko'ina a hannun Paparoma yake, ba tare da ya harba ko kibiya ba.

Vatikan ta yau an haife ta ranar 11 ga Fabrairun 1929, da yarjejeniyar Lateran tsakanin Pius na Sha Ɗaya da gwamnatin Mussolini. Italiya ta biya lira miliyan 750 da takardun lamuni na biliyan 1, Paparoma ya haƙura da Roma. Hikimar ɗan filin ita ce kada shugaban Katolikan duniya ya zama talakan wata gwamnati. Shi ya sa yake da jakadu a ƙasashe, yana da hulɗa da sama da 180, har da Nijeriya da Nijar.

Ba ina cewa rasa ƙasa ya wanke kujerar daga laifi ba. Har yau ana muhawara kan shirun Pius na Sha Biyu lokacin kisan Yahudawa a yaƙin duniya na biyu, kuma rufa-rufar da aka yi shekara da shekaru kan limaman da suka ci zarafin yara rauni ne da bai warke ba. Abin da ya sauya shi ne irin ikon. A 1965 babban taron Vatikan na biyu ya rubuta cewa coci na kallon Musulmi da girmamawa, ya nemi a bar gabar da ta wuce. John Paul na Biyu ya je ƙasarsu Poland a 1979 ba soja ko ɗaya, kuma masana da yawa suna lissafa wannan ziyara cikin abubuwan da suka girgiza mulkin gurguzu. Shi ne ya sasanta Ajantina da Chile da suka kusa gwabzawa kan wasu tsibirai. Ya zo Kaduna a Fabrairun 1982, zamanin Shagari, wata tara bayan an harbe shi a filin Bitrus, ya naɗa sababbin limamai a can. A 2001 ya shiga Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa. A 2013 Benedict na Sha Shida ya yi murabus don tsufa, abin da ba a gani ba tun 1415. A Afrilun 2019 Francis, yana da shekara 82 da ciwon ƙafa, ya durƙusa da ƙyar ya sumbaci takalman Salva Kiir da Riek Machar yana roƙonsu kada su mayar da Sudan ta Kudu yaƙi. A da sarakuna ne ke durƙusawa su sumbaci ƙafar Paparoma.

Kambin nan mai hawa uku da ake naɗa su da shi, Paul na Shida ne na ƙarshe da aka ɗora wa, a 1963. A Nuwamban 1964 ya sauko daga kujera a gaban bishop-bishop, ya ajiye shi a kan bagadi ya ce a ba matalauta, yanzu yana wata majami'a a birnin Washington. Leo na Sha Huɗu, wanda ka ji labarin zaɓensa ranar 8 ga Mayun 2025, haifaffen Chicago da ya yi shekaru yana aiki a Peru, shi ne na 267 a lissafin Vatikan. Ranar da aka ƙaddamar da shi abu biyu aka ba shi: zobe mai hoton Bitrus masunci, da wani siririn gyale na ulun tumaki da aka ɗora masa a kafaɗa.